Ranar da Na Yi Lilo Gaban Surukata

Shekara ashirin ina aikin gini a Malanville ban taɓa faɗowa ba. Don haka da patron, wato maigidanmu a wurin aiki, ya kawo muna ɗamarar tsaro daga Kwatano, mai igiyar da ake maƙalawa ga ƙarfen bene, kallon raini na yi mata. Don ƙattai anka ɗinka ta, ni ko siriri ne. Ba ta zama jikina sai an tamke maɗauran cinya tamau, har surar mutum ta fito fili.

Ga shi surukata ita ka saida shinkafa bakin ginin. Ina ni ina yawo gabanta a ɗaure haka? Sai na saki maɗauran suna reto.

"Malam, tamke abin ga," in ji patron.

Na ce, "Ni da bene mun san juna."

Kafin azahar katako ya zame da ni. Igiya ta riƙe ni, alhamdu lillahi, amma ɗamarar ta zarce har hammata, ta tattare rigata a wuya, mazagin wando kuma ya tsinke. Ina lilo a sama, hannu guda ga igiya, guda ga wando.

Inna surukata ba ta taɓa kama sunana ba, ranar ma ba ta kama ba. Ta juya baya, ta rufe fuska da mayafi, tana kururuwa: "Ku sauko da uban Hadiza! Kar ku duba!"

Unguwa duka ta duba.

Har yau in na tare ɗan kabu-kabu, sai ya ce, "Kar-ku-duba, ina munka nufa?"