Ranar da Na Nema wa Ƙanin Ango Aure

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu da gangan. Amma neman auren da na yi tafinta a cikinsa a Sintali, shi kam ba zan taɓa mantawa ba.

Ban yi boko ba. Dakon doya na yi shekara da shekaru, a nan na tsinci Fulatanci da Hausa a kan Mumuyancin gidanmu. Duka ukun halinsu ɗaya: a ambaci mutum, a rataya masa bayani a baya, "wanda ya yi kaza", daga nan sai "shi", "shi". Aikin tafinta shi ne ya riƙe wane ne "shi".

Bappa Jauro, wani dattijon rugga, ya zo nema wa ɗansa 'yar maƙwabcina. Hausarsa kaɗan ce. Waliyyin yarinyar kuma kawunta ne daga ƙauye, bai san kowa ba. Aka kira ni.

Bappa ya zo da 'ya'ya biyu. Buba, ƙato mai fara'a, da Hammadu, siriri, kansa a ƙasa. Tsohon ya yi ta "Buba ya kawo goro, Buba ya tuƙo mu". Da ya zo kan magana sai ya ce, "Wanda yake bin shanu, wanda ya gaishe ku da Sallah, shi muke nema wa."

Ni ba na son doguwar magana (matata za ta ba da shaida). Na ce da kawu, "Buba suke nema wa."

Kawu ya ce ya bayar. An ɗaga hannu za a shafa fatiha, sai goggon yarinyar ta banko labule, ta yo kaina.

"Wane Buba? Mai mata biyu? Kai tsohon banza, Hammadu ne yake zuwa zance shekara guda!"

Hammadu bai ɗago ba. Bappa ya dube ni, ya ce a hankali, "Ɗan fari ne. Bakina ba ya kama sunansa."

Na san wannan kunyar tun ina yaro. Gaggawa ce ta rufe min ido. Ɗan da uba ya yi ta kewayawa bai kira ba, shi ne maganar.

Aka shafa fatiha da sunan Hammadu, aka yi auren. Buba har yau "waliyyina" yake ce min a kasuwa.

Yanzu in mutum ya ce "wanda", ina rufe bakina sai ya kai ƙarshe. In ban gane ba, na nuna da yatsa na ce, "Wannan?"