Yadda Hafsa Ta Zama Uwata a Waya

Kwanakin baya ina layin esansi da taksina a gidan mai na Yantala, na ciro portabul in kira fasinja mai jirana, sai fuskar wayar ta yi duhu, hoton makulli ya fito. Maƙwabcina Natanayel, malamin lakol, wato makarantar boko, yana bayana kan babur. Ya karanta mini Faransancin yana danne dariya: "An ce lokacin wasanka ya ƙare, sai iyayenka sun yarda." Ni da furfura ta cinye wa gemu.

Ga asalin abin. Manyanmu masu albarka, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun yi atiliye, wato taron bita, a otal kan tsare yara a intanet. An ci kaji, an raba huluna, aka fito rediyo aka ce kowane uba ya sa aplikasiyon na sa ido a wayar ɗansa. Yadda ake sawa kuwa, kajin sun ƙare kafin a zo wurin.

Ni dai hankalina ba a kwance yake ba, don 'yata Hafsa ta daina dariya, kullum kanta cikin waya. To wa ke yi mini komai na waya in ba ita ba? Na miƙa mata tawa na ce ta haɗa da tata. Ta haɗa tsaf: ita uwa, ni yaro.

Ran da wayar ta kulle na iso gida ina huci, matata Iklima ta tare ni: "Malam, sannu da aiki. Ashe taksi a fadar shayin su abokinka Oumarou yake yini? Taswirar wayar Hafsa ta nuna mana."

Na zaunar da Hafsa zan yi faɗa, ta riga ni. "Baba, so nake in san inda kake. Na daɗe ina neman in gaya maka wata magana, ba ka gida." Ta nuna mini saƙonnin wani ƙato da ba ta sani ba, yana matsa mata ta aika masa hotonta. Wallahi kunya ta kama ni. Muka toshe shi tare, wato ta toshe ina kallo.

Ban cire abin ba. Yanzu magariba a gida take samuna, hira muke yi. Roƙona ɗaya ga manya: su ma su miƙa wa Hafsa wayoyinsu, ko ma san inda suke yini.