Takardar Jiminata

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da Baturen daji ya sauka Rabah ba, ranar da na miƙa masa takardar jiminata da hannuna, ba tare da ya tambaye ni ba.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ban daɗe da gama makarantar Midil ba En'e ta ɗauke ni malamin daji. Aikina in zagaya Rabah da Wurno har Goronyo ina sanar da dokar namun daji: duk mai son ajiye jimina ko barewa a gidansa sai da lasin. Ni kuwa kaina ya kumbura da ɗan Turancin da na haddace (bai fi cikin cokali ba, amma ni gani nake buhu ne).

A kasuwar Goronyo na sayi tsakon jimina hannun wani Buzu, don kawai a ce gidan malamin daji akwai abin kallo. Na rubuta takardar neman lasin da Turanci, ban nuna wa kowa ba, na aika Sakkwato. Ta dawo da hatimi, na naɗe ta a ƙyalle na jefa adaka. Jimina ta girma har tana leƙen maƙwabta ta saman darni.

To akwai wani dattijo a Tursa, Baba Na'Allah, manomin albasa. Ya tsinci 'yar barewa a gona, matarsa ta raine ta da nonon akuya, har tana bin su kamar ɗiya. Na iske shi yana ban ruwa, na karanta masa doka daga kan dokina.

Ya ce, "Ɗana, mi barewag ga tay yi ma Nasara?"

Na ce ba ruwana, ranar da Bature zai zo ya kawo ta ƙofar hakimi a karɓe. (Sa'an kakana ne fa, amma ko saukowa ban yi na gaishe shi ba.)

Ranar ta zo, jama'a suka cika ƙofar hakimi. Baba na rakuɓe gefe, riƙe da igiyar barewarsa. Ba wanda ya ce in kawo jimina. Ni na sa aka koro ta, wai don talakawa su ga yadda ake bin doka. Na gyara hula, na miƙa takarda.

Baturen yana jin Hausa sosai. Ya dubi takarda, ya dubi jimina. Ya sake duban takarda, ya juya bayanta. Sannan ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"To, ina kunkurun?"

Na zaci kunnena ne. Na ce, "Wane kunkuru?"

"Takardarka ta ce kana riƙe da kunkuru guda ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin kunkuru mai irin wannan wuya ba."

Ashe sunayen dabbobin nan biyu na Turanci da muka haddace a aji ne na musanya. Shekara guda cur ina kiwon jimina ba lasin. Hukuncin kuwa na san shi sarai, tunda ni ke faɗa wa mutane: a ƙwace dabba, a kai mai ita gaban alƙali, in ma'aikaci ne ya yi sallama da aiki. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Hakimi ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Dogarai biyu suka matso bayana. Bature ya zaro alƙalami.

Sai Baba Na'Allah ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, yau zai rama.

Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mai aikin gafara, yaro na. Ni ina da dabba, ban da takarda. Shi kau ga dabba ga takarda, sai dai ba su san juna ba."

Hakimi dariya ta fara kuɓuce wa, sannan fili duka ya ɗauka. Bature ya cije leɓe, ya kasa, shi ma ya yi tasa. Amma bai sake ni haka nan ba. Ya sa aka kawo tebur tsakiyar taro, ya ce in zauna in rubuta takarda biyu, ɗaya ta jiminata, ɗaya ta barewar Baba. Yana faɗa mini harafi ɗai-ɗai kamar ɗan aji ɗaya, ina rubutawa, tawada na ɗiga. Ya ce in ya sake kama ni da irin wannan, in nemi fartanya.

Baba ya koma gida da barewarsa. Washegari na bi shi Tursa, na durƙusa a bakin fadama na nemi gafara. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komi. Tashi, Malam Kunkuru." Masu ban ruwa suka ji, kafin sati sunan ya kai Goronyo. Yau jikokina ma da shi ake yi musu kwatance.

Tun daga ranar, kafin in karanta wa wani doka, sai na fara karanta tawa takardar sau biyu, sannan in kai wa wanda ya fi ni ya duba.