Yadda Taimakon Komite Ya Kai ga Ƙafar Abdulwasi'u

Yau da ƙafa na tahi kasuwa, buhun albasa bisa kai, duk da furfurata. Ɗan kabu-kabun da ya saba kai ni bisa motonsa mai ƙafa biyu, Abdulwasi'u, shina kwance. Shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ranar wasan ƙarshe ya tare ƙwallo da hannu, ya tare takalmin baƙo da ƙauri. Munka ɗauki kofi, ƙashi ya karye. Ƙafar dama ce kuwa, wadda yake tada moto da ita, wadda ke ciyar da baki shidda.

Na raka matarsa Zuwaira wurin Mai Girma Inuwar 'Yan Wasa, shugaban komiten ƙwallon, Allah shi ƙara wa kujerarsa laushi.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙafar kahin a gyara, mu kuwa ba mu da kuɗɗin."

Ya ce, "Madam, mijinki don ƙauna yake wasa, ba don kuɗɗi ba. Doka ce. Ran da munka ba shi dala guda, martabarsa ta zube. Mu kuwa ba mu yarda a ɓata mishi suna."

"To ku ba likitan."

"Likita shi gyara ƙafa, ƙafa kuwa ta mijinki ce. Kin ga kuɗɗin sun dawo mishi ta bayan gida."

Abin ya ci mini rai, na tsoma baki. "Ku hwa, ranka shi daɗe, kuɗɗin zama da kuke amsa?"

Ya dafe ƙirji. "Mu mun sadaukar da tamu martabar don tasu ta tsira."

Wallahi saura kaɗan in yi mishi jaje.

Amma komite bai manta da gwarzonsa ba. Anka kafa rumfa, anka yanka raguna biyu, anka yi jawabi bakwai kan lafiyar 'yan wasa. Cikin amalanke anka turo Abdulwasi'u, anka tsai da shi da ƙafa guda don a yi hoto. Sannan anka miƙa mishi takardar yabo cikin gilashi, kewaye da katako mai kyau, wai daga Kwatano anka yo odarsa.

Da la'asar Zuwaira ta kira Manzo mai ɗori, tunda shi goro ya ishe shi. Ya dubi ƙafar, ya ce a samo mishi itace madaidaici. Sai idonsa ya kai ga bango, inda anka rataye takardar yabon. Ya sauke yabon, ya gwada katakon da ƙaurin, ya ce, "Kamar don ita anka sassaƙa." Ya ɓalle huɗun duka, ya ɗaure su da tsumma. Takardar kuwa, da ita Zuwaira ke yi wa mijin fifita.

Manzo ya ce bayan kwana arba'in moto za ta tashi, in Allah ya so. Ni dai roƙona gare ku, kada wanda ya kai labarin ga komite. In sunka ji taimakonsu ya yi amfani, za su ce an biya shi, su amshe mana kofi.