Nomau da Bindigar Marigayi

Da maigidana ya rasu, abu biyu ya bar mini: bindigarsa ta farauta da ƙanensa Nomau. Nomau ya haura shekara talatin, ba ya musu, ba ya ƙarya, amma yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ƙari ba ragi. Ranar da na fita takaba ya sauke bindigar daga bango ya ce shi ne magaji. Tun ranar gabana yake faɗuwa, don na san bindigar nan sai ta ci wani. Na roƙi Sarkin Baka, shugaban maharban garinmu, ya koya masa ɗurin bindiga.

Wata rana Sarkin Baka ya ce masa, "Albarushi ba ya shiri da zafi, ka ajiye shi wuri mai sanyi." Da na je ɗiban ruwa sai na tarar da randata ta yi baƙi ƙirin.

"Nomau, mene ne wannan?"

"Yaya, duk gidan nan akwai inda ya fi randa sanyi?"

Wata rana kuma Sarkin Baka ya ce masa, "Ɗuri ba wuya. Albarushi awo ɗaya, tsumma, dalma, ka danna da sanda. Kullum haka." Bayan mako guda na ga sandar ta ƙi shiga. Ashe kowace safiya sai ya zuba awo ɗaya, bai taɓa harbawa ba. Sarkin Baka ya wuni yana ƙwaƙule bindigar, yana salati.

Ranar farauta na bi su har bakin gari ina kuka. Sarkin Baka ya ce, "Kwantar da hankalinki. Kai kuma, kada ka harba sai ka ji na ce harba."

Sauran labarin maharba suka ba ni. Barewa ta gifta ta gabansa, ya tsaya yana kallonta, suka yi ta zaginsa. Can sai ga kan burtu yana leƙowa daga cikin ciyawa. Suka ce, "To ga tsuntsu, sakarai, harba mana!"

Nomau ya saita, ya ɗaga murya: "Sarkin Baka! In harba?"

Sai burtun ya miƙe tsaye, hannuwa sama. Sarkin Baka ne, ya ɗaura kan burtu a goshi yadda maharba ke yi don yaudarar nama.

"A'a, ɗan albarka! A'a!"

Da yamma Sarkin Baka ya kawo mini cinyar barewa da kansa. Bindigar tana bango. Har yau Nomau yana jira a ce harba.