Cindo da Biskit ɗin Yaya Lantana

A garinmu, bayan tsohuwar tasha, akwai gidan Malam Sabi'u tela. Shi ne da matarsa Lantana, sai ƙanenta Cindo, ƙato mai gemu, wanda ta ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar uwarsu. Cindo ba mahaukaci ba ne, duk wanda ya ce haka ya ɗauki alhaki. Halinsa guda ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, in kuma ta ɓaci ya tsaya a gabanka ƙyam ya ce, "Haka aka ce in yi." Lantana kuwa sana'arta biskit ne na gida. Takan kwaɓa fulawa da bota da ƙwai da mazarƙwaila, ta zuba wani hatsin gwangwani mai fale-fale da ake ce wa ot, ta barbaɗa gutsattsarin cakulan, ta gasa a babbar tukunya mai yashi a gindi, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Malam Sabi'u ya daɗe yana neman hanyar mayar da Cindo ƙauye wurin kawunsu. Cindo kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar ƙauyen nan, inda yara ke binsa da waƙa da jifa, kawun kuma ba ya hana su.

Wata rana Lantana ta juye ot a faranti, ta yanyanka cakulan a kai, sai ta hango 'yar tsakuwa a ciki. Ana ta yi mata sallama a zaure, don haka ta tura wa Cindo farantin ta ce, "Tsince min wannan kamar shinkafa. Duk abin da ka ga baƙi ka zubar." Cindo ya miƙe ƙafa ya shiga aiki bilhaƙƙi. Kafin ta dawo ot ya yi fes, kajin gidan kuma suna ta wawaso a bakin rariya.

"Cindo, ina cakulan ɗina?"

"Baƙi ne, Yaya."

"Ai shi ne daɗin abin!"

"To me ya sa ba ki ce baƙin da ba daɗi ba? Ni haka aka ce in yi."

Ta gasa biskit ɗin haka nan lami, ta raba wa yaran maƙwabta.

Wata rana kuma, ranar Juma'a ce, bota ta yi tauri ta ƙi kwaɓuwa. Lantana ta miƙa wa Cindo a takardarta ta ce, "Nemi wurin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan nan ka ajiye ta, ta yi laushi." Cindo bai yi kasala ba. Ya dafa dutsen niƙa, ya dafa murfin rijiya, ya dafa turmi, har ya isa kan kujerar babur ɗin Malam Sabi'u da ke tsakar rana. Nan ya ji zafi ya cije masa tafin hannu, nan ya ajiye. Malam ya fito a makare cikin farar babbar riga da ya kwana biyu yana yi wa aiki, ya haye babur ba tare da ya duba ba. Sai da ya shiga sahu wani dattijo ya taɓa shi ta baya ya ce, "Malam, yau da mai ka zo masallaci?" Ya dawo gida yana huci, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Cindo ya saurare shi tsaf har ya gama, sannan ya ce, "Yaya Malam, bota dai ta yi laushi. Kai ne ba a ce ka zauna a kai ba."

Wata rana Lantana ta gasa tire guda cur na wata mata mai walimar sauka, ta rufe da ƙyalle, za ta leƙa kantin magani. Ta ce wa Cindo, "Kada ka bar kowa ya taɓa tiren nan sai na dawo." Tana fita mai walima ta iso da gaggawa, baƙi na jiranta. Cindo ya ɗauki muciya ya tsaya a kan tire. Matar ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira Malam Sabi'u daga shago. Malam ya ce, "Ni ne mai gidan nan, ba ta!" Cindo ya ce, "Kai ma kowa ne." Ko gezau bai yi ba. Matar ta tafi tana rantsuwa ita da gidan har abada, ta kuma bi unguwa tana ba da labari. A ranar Malam ya ce haƙurinsa ya ƙare, Cindo ya haɗa kayansa. Lantana ta sha gabansa, idonta ya yi ja, ta ce, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. In ka sa shi a mota, ka sa ni." Da Malam ya ga ba zai iya da ita ba, sai ya ce shi kenan, zai aika a kira mahaifiyarsa, Inna Gwamma, abin da ta yanke shi za a yi. Ya san tsohuwar ba ta ɗaukar shirme, shi ya sa ya zaɓe ta.

Wata rana sai ga Inna Gwamma ta sauka a tasha. Lantana ta riga ta ɗora biskit don tarar surukarta, ga shi dole ta je ta ɗauko mata kaya. Ita dai a al'adarta takan bar biskit a wuta har ya bushe ƙarau irin na kanti, amma tsoron kada Cindo ya ƙona ya sa ta ce, "Da ka ga ya fara ja, ka sauke, ka kashe wutar." Nufinta in ta dawo ta ƙarasa. Cindo ya tsuguna ya zuba wa tukunya ido, don ya san yau ake yi ko a fasa. Yana ɗaga murfi ya ga gefe-gefen sun soma ja, tsakiya kuwa luɓus, bai jira komai ba ya sauke, ya sheƙa wa garwashin bokitin ruwa. Lantana ta shigo ta danna yatsa a tsakiyar guda, yatsa ya lotsa. Ta dubi murhu, toka ce jiƙe sharkaf. Sai hawaye.

Malam Sabi'u kuwa kamar an yi masa albishir. Ya sure tiren da kansa ya kai gaban uwarsa a kan tabarma. "Inna, ga irin aikinsa. Ɗanyen ƙullu zai ba ki." Cindo ya biyo shi, kansa a sama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Ni na sauke, Inna. Ya fara ja. Ko gobe aka ce haka, haka zan yi."

Tsohuwar ta dube shi, ta ɗauki guda. Kafin nan biskit ya huce, ya kama jikinsa, gefe da ɗan ƙarfi, tsakiya da laushi da danƙon mazarƙwaila, cakulan bai gama daskarewa ba. Ta sa a baki, ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta ɗauki na biyu. Sai da ta cinye na uku ta yi magana.

"Lantana, tun da kika fara sana'ar nan kike aiko min da tsakuwa, ina jiƙawa a shayi ina sa miki albarka don kunya. Yau ne na fara cin abinki da bakina." Ta juya ga ɗanta. "Wannan ne za ka kora? Wanda aka ba shi amana ya hana har kai taɓawa? Kai da nake ce maka abu tun kana ƙarami kana yin wani?" Ta nuna Cindo da sandarta. "Kai, saurara. Kada ka fita daga gidan nan. Ni na ce."

Lantana ta rufe fuska da gefen mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Cindo ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun uwarsu na da rai.

Washegari gawayi ya ƙare. Malam Sabi'u ya leƙo yana cin magani ya ce, "Cindo, je ka bakin kasuwa ka ɗauko buhu."

Cindo ya gyara zama a gindin murhu. "Inna ta ce kada in fita."

Malam ya dubi ɗakin da uwarsa take, ya ji tana gyaran murya. Da hantsi 'yan unguwa suka ga mai gida da kansa ya shigo layi, buhun gawayi ɗaure a bayan babur, Cindo na tsaye daga cikin zaure yana yi masa sannu da aiki.