Shafin da Baba Tantance Ya Yarda da Shi

A gafarce ni da karambanin ɗaukar alƙalami, ban taɓa yi ba. Gajere ne.

A wani gari da ake kira Jiya-Ta-Fi, akwai makarantar koyon gina shafukan intanet, kuma a cikinta akwai wata tsohuwar na'ura mai duba kod, wato rubutun da ɗalibai ke gina shafi da shi, sunanta Baba Tantance. In ta kunna koren fitila, an ci. In ta kunna ja, babu takardar shaida. Rabon da a sabunta ta tun kafin wayoyi su fara ɗaukar hoto, domin Majalisar Kar-a-Taɓa ta ce abin da ya yaye malamai ba zai gaza yaye ɗalibai ba.

Wata ɗaliba, Barira, ta gina wa mahaifiyarta, Inna Lantana mai ɗinkin huluna, shafi a matsayin aikin ƙarshe. Yana buɗewa a kowace waya, har da ta mai shayin bakin makaranta. Baba Tantance ya yi gurnani, ya kunna ja: kuskure ɗari da sha huɗu.

A hankali Barira ta gaya wa Sarkin Manhaja, Malam Ɗanjuma shugaban makarantar, cewa shafin fa yana aiki.

"A waya yake aiki, 'yata," in ji shi. "Waya ce ke ba da takarda?"

Ta cire bidiyon Inna tana ɗinki, kuskure ya koma sittin. Ta cire maɓallin kira, ta cire hotunan huluna, saura tara. Ranar Alhamis ta cire sunan Inna da na sana'arta, saboda na'urar ba ta san harafin ɗ da ke cikin ɗinki ba. Farin shafi ya rage fayau. Fitila ta yi kore shar.

Ranar yaye ɗalibai aka haska shi a bango. Mai Gari ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Majalisa ta umarci asibiti da ofishin ruwa su kwaikwaye shi kafin wata ya mutu.

Inna Lantana ta taɓo 'yarta. "Barira, ina hulunan?"

"An ci, Inna."

Ana ta tafi, Malam Ɗanjuma yana shelar cewa an ɗauki Barira koyarwa daga Litinin. Kafin a waiwayo neman ta, ta sulale ta ƙofar baya, takardar a naɗe cikin mayafi.